Kwara ko Neja: Yadda Sunan Kogi Ya Haifi Ƙasashe Biyu

Kogin ɗaya ne, amma a Hausar yau sunayensa sun kai uku. Mai karanta labarai a Kaduna zai ce kwalekwale ya kife a Kogin Neja. Takwaransa na Yamai zai ce Kogin Isa ya cika ya batse. Tsohon masunci a Yawuri kuwa Kwara kawai ya sani. A Turanci duk waɗannan sun taru a kalma guda mai haruffa biyar, Niger, kuma daga cikinta aka ciro sunan ƙasashe biyu, da jiha guda, da yankin da ake haƙo mai, da lambar girmamawa ta ƙasa, har da dangin harsuna mafi yawa a Afirka.

Abin mamakin shi ne, shekaru 200 da suka wuce babu wata al'umma a gaɓar kogin da ke kiransa da wannan suna. To yaya aka yi baƙo ya zama shi ne ɗan gari? Sunan ya yi rinjaye ne saboda shi kaɗai ya ɗauki kogin a matsayin abu guda tun daga mafarinsa har teku, kuma waɗanda suka fi buƙatar ganinsa a haka su ne masu son mayar da shi hanyar ciniki, daga baya kuma hanyar mulki.

Kowa da sunan da ya ba shi

Tsawon kogin ya kai kimanin kilomita 4,180, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Mafarinsa na cikin tsaunukan Gini, kusa da iyakar Saliyo, tazarar kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa, sai ya ba ta baya ya nufi arewa maso gabas. Ya ratsa Bamako da Segu, ya bazu a fadamun Masina, ya taɓa gefen Sahara kusa da Tambutu, sannan ya karyo kudu ta Gawo da Yamai da Gaya. Daga nan ya shigo Najeriya ta ƙasar Kabi, ya wuce Yawuri da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya bi ta Anacha, kafin ya rarrabu zuwa rassa masu yawa ya zuba a teku.

A wannan doguwar tafiya, kowace al'umma ta raɗa masa nata sunan. Mutanen Mande na Gini da Mali suna ce masa Joliba. Sangaiyawa da Zabarmawa suna ce masa Isa Beri. Buzaye suna ce masa Egerew n-Igerewen, wato kogin koguna. Hausawa suka ce Kwara, Nufawa suka ce Edu, Yarbawa suka ce Odo Oya, Ibo suka ce Orimili. Yawancin waɗannan sunaye ma'anarsu ba ta wuce babban kogi ko babban ruwa ba, domin wanda yake zaune a bakin ruwa irin wannan ba shi da wani na biyu da zai rikita shi da shi.

Wasu sunayen kuma suna ɗauke da tsohon imani na mutanensu. Oya a gargajiyar Yarbawa matar Shango ce, mai iska da guguwa, kuma kogin nata ne. Masuntan Sorko na ƙasar Sangai sun ɗauka Harakoy Dikko ce uwar ruwan. A Nufe ana ambaton Ndaduma. Suna irin wannan ba alama ce ta taswira kawai ba, yana gaya wa mutum yadda zai shiga ruwan, da lokacin da zai guje shi, da wanda zai nemi izini a wurinsa.

Akwai dalilin da ya sa suna ɗaya bai game kogin ba. Babu wata daula da ta taɓa mallakarsa daga farko zuwa ƙarshe. Mali da Sangai sun riƙe sama da tsakiya, Nufe da Igala sun riƙe ƙasa, mutanen Ijo sun riƙe bakin teku. Kaya kan sauya hannu daga jirgin wannan ƙabila zuwa na waccan, kuma duwatsun cikin ruwa na Busa sun kasance shinge tsakanin masu jiragen arewa da na kudu. Kowa ya san yankinsa kamar tafin hannunsa, bai damu da inda ruwan ya ƙare ba.

Su kansu Hausawa, tsakiyar ƙasarsu ba a bakin Kwara take ba. Ruwan Kano da Haɗeja Tafkin Chadi yake nufa. Sai dai gulbin Sakkwato da kogin Kaduna duk a Kwara suke juye ruwansu, fataken goro masu zuwa Gwanja sai sun ƙetare ta, kuma Sarkawan Kabi da Yawuri, waɗanda asalinsu ke komawa ga Sorko, sun daɗe da zama Hausawa. Saboda haka Kwara tsohuwar kalma ce a bakin Bahaushe, ta fatauci da su da tafiya.

Daga ina kalmar Niger ta fito?

Mutane da yawa sun ɗauka daga Latin take, domin a wannan harshe niger na nufin baƙi. Sai aka gina bayani a kai: wai kogin baƙaƙen fata, ko baƙin kogi. Masana asalin kalmomi ba su gamsu da wannan ba. Ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurinsu shi ne tushen kalmar na cikin harsunan Barbar na arewacin Afirka, dangin harshen Buzaye, inda ger ko gher ke nufin kogi ko magudanar ruwa. Idan aka saurari ƙarshen sunan nan na Buzaye, n-Igerewen, za a ji kamar da ke tsakaninsu.

Tun ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, marubucin Rum Pliny ya ambaci wani ruwa mai suna Nigris a cikin Afirka. A ƙarni na 2, Batlimus na Iskandariyya, wanda Turawa ke kira Ptolemy, ya sa koguna biyu a littafinsa na labarin ƙasa, Gir da Nigir. Masana da yawa na ganin waɗannan wasu ƙoramu ne na kudancin tsaunukan Atlas, ba kogin da muke magana a kai ba. Amma sunan ya riga ya shiga littafi, kuma abin da ya shiga littafin Batlimus ya zauna a kan Turawa fiye da shekara dubu.

Malaman Larabawa nasu sunan daban ne. Sun kira shi Nilus Sudan, wato Nilun ƙasar baƙaƙe. Al-Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya nuna yana gudu yamma ya zuba a teku. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya shiga jirgi a kansa daga Tambutu zuwa Gawo a 1353, ya ce shi ne Nilun da ke gangarawa har Masar.

Wanda ya ɗaura tsohon sunan Niger a kan wannan kogi a idon Turai shi ne Alhasan ɗan Muhammadu al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10, daga nan aka san shi da Leo Africanus. Littafinsa kan Afirka, wanda ya kawo labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, an buga shi da Italiyanci a 1550, John Pory kuma ya mayar da shi Turanci a 1600. Ta wannan ƙofa kalmar ta zauna a Turanci. Da yake rubutunta ya zo daidai da kalmar Latin mai nufin baƙi, masu ilimin Turai suka ga kamar ma'anar a fili take, ba su ƙara bincike ba.

Ke nan, bisa mafi rinjayen zato, kalmar 'yar Afirka ce da ta yi ƙaura. Ta ƙetare Sahara, ta shiga Girkanci da Latin, ta bi ta Italiyanci, sannan ta dawo gida cikin jirgin Ingilishi da wata irin furtawa da masu ita ba za su gane ba.

Suna ya riga kogi isa Landan

Abin da ya bambanta wannan kogi da sauran shi ne Turawa sun san sunansa ƙarnoni kafin su san inda yake. Tun daga shekarun 1470 Fotugisawa ke ciniki a bakin tekun Gini. Bayansu Ingilishi da wasu suka yi ta lodin bayi, daga baya manja, a rassan ruwan da suka kira Kogunan Mai, ba tare da sanin cewa bakin Niger ɗin littattafansu ke nan ba. A taswirorinsu wani lokaci a haɗa shi da kogin Sanagal, wani lokaci da Nilu, wani lokaci a nutsar da shi a wani tafki a tsakiyar nahiya.

A 1788 wasu attajirai da masana suka kafa ƙungiya a Landan domin binciken cikin Afirka, kuma babban burinsu shi ne warware wannan matsala. Mungo Park ya iso Segu a watan Yuli na 1796, ya ga ruwan da idonsa, ya tabbatar gabas yake gudu. Littafinsa na 1799 ya samu kasuwa ƙwarai, ya sa sunan a bakin kowane mai karatu a Ingila. A tafiyarsa ta biyu ya mutu a duwatsun Busa a 1806. Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya tambayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello labarin kogin. Bello ya yi masa bayanin Kwara, aka kuma ba shi taswira, wadda aka buga a Landan a 1826. Taswirar ta nuna ruwan ya nufi Masar, alhali a hirarsu Clapperton ya fahimci yana zuba a teku ta kudu. Wasu masana tarihi na ganin da gangan aka yi hakan, domin Sarkin Musulmi ya hango abin da zai biyo baya idan jiragen Turawa suka san hanya. Richard Lander da ƙanensa John su ne suka bi ruwan daga Busa har teku a 1830.

A wannan zamani Turanci bai tsaya a suna ɗaya ba. Ana rubuta Joliba ga sashen sama, ana rubuta Quorra ko Kwora ga sashen ƙasa. Jiragen tururi biyu da ɗan kasuwa Macgregor Laird ya shigo da su a 1832, ɗaya sunansa Quorra, ɗaya Alburkah, wato Kwara da Albarka. Likita William Baikie, wanda ya nuna a 1854 cewa shan kwinin na kare matafiya daga zazzaɓin cizon sauro, ya sa Kwora da Binue a kan bangon littafinsa, sannan ya ƙara da cewa su ne aka fi sani da Niger da Tsadda. Akwai lokacin da kalmar Hausa ta kusa zama sunan kogin a Turanci.

Kwatanta makomar kogunan biyu zai nuna dalilin da ya sa ba ta zama ba. Binuwai, wanda Turawa suka fara kira Chadda ko Tsadda bisa zaton daga Tafkin Chadi ya fito, ya koma sunansa na gida bayan Heinrich Barth ya isa gare shi kusa da Yola a 1851. Babu tsohon littafin da ya tsaya wa sunan Chadda, sai ya faɗi. Niger kuwa yana da Pliny da Batlimus da Leo a bayansa, an kashe kuɗi da rayuka wajen nemansa, kuma ba za a ce an gano shi ba sannan a kira shi da wani suna. Ban da haka, Joliba rabin kogi ne, Kwara ma rabi ne. Mai zana taswira da mai rubuta yarjejeniya suna son kalma ɗaya da za ta rufe duka.

Daga taswira zuwa kamfani, daga kamfani zuwa ƙasa

A taron Berlin na 1884 zuwa 1885, ƙasashen Turai sun ware babi guda kan zirga-zirgar jirage a Niger. A nan sunan ya tashi daga littafin labarin ƙasa ya shiga dokar ƙasa da ƙasa. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin George Goldie takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company, mai sojoji da kotuna da ikon karɓar kuɗin fito. A 1893 aka sauya wa yankin Kogunan Mai suna zuwa Niger Coast Protectorate. Faransa ma ta riƙe kalmar a nata ɓangaren.

Ranar 8 ga Janairu 1897 jaridar The Times ta Landan ta buga wani rubutu na Flora Shaw, editar al'amuran mulkin mallaka, wadda ta auri Frederick Lugard a 1902. Hujjarta ita ce kiran wurin da sunan yankunan kamfani ya yi tsawo, kiransa Sudan ta Tsakiya kuma zai sa a rikita shi da Sudan ta Nilu. Sai ta ba da shawarar Nigeria. Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙasar da take nufi ita ce wadda kamfanin ke da'awa, mafi yawanta Arewa. Ta kawo sunan ne ma domin a bambanta ta da Legas da yankin bakin teku. Sai a 1900, bayan gwamnati ta karɓe mulki daga kamfanin ta biya shi fam 865,000, aka samu Najeriya ta Arewa da ta Kudu, a 1914 kuma aka haɗe su. Bayanin da ake koya wa yara cewa an haɗa Niger da kalmar area ne bai da tushe mai ƙarfi. Ɗafa -ia a ƙarshen suna tsohuwar hanya ce ta ƙirƙirar sunan ƙasa a Turanci, kamar Liberia da Rhodesia.

A ɗaya gefen iyaka, Faransa ta mayar da yankin sojanta cikakkiyar ƙasar mallaka mai suna Niger a 1922. Babban birninta na lokacin Damagaram ne, tafiyar kusan kilomita 900 daga kogin. Sai a 1926 aka mayar da hedikwata Yamai. Kogin ya ratsa kusurwar kudu maso yamma ne kawai, kimanin kilomita 550. Mutumin Damagaram da na Agadas da na Diffa, kamar mutumin Kano da na Maiduguri, sun wayi gari suna amsa sunan ruwan da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. A nan linzamin ya juya hankalin ƙasashe biyu daga Sahara da hanyoyin raƙuma zuwa kogi da teku, inda sha'awar masu mulkin take.

Yadda Turanci ke sarrafa kalmar a yau

Gado na farko da wannan tarihi ya bar wa Turanci shi ne ruɗani. Kogi da ƙasa da jiha duk rubutunsu ɗaya. Ingilishi na furta sunan kogin kamar Naija, da ɗan ja a ƙarshe. Sunan ƙasar kuma wasu su furta shi haka, wasu su bi Faransanci su ce Nizhar. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, masu karanta labarai na Turanci sun yi ta bambanta a kan wannan. Ɗan Najeriya Nigerian ne, ɗan Nijar Nigerien, harafi ɗaya ne tsakani, kuma sau da yawa masu gyaran rubutu kan ɗauka kuskure ne su mayar da ɗan Maraɗi ɗan Katsina.

Gado na biyu ya fi ciwo. Kalmar Latin mai nufin baƙi ita ce ta haifi negro a harsunan Sifaniya da Fotugal, daga nan kuma aka samu zagin nan da ake yi wa baƙar fata a Amurka. Kamannin rubutu ya sa wasu ke jin nauyin furta sunan kogin, wasu kuma suka yanke hukuncin cewa an raɗa wa Najeriya suna ne don cin mutunci. Kalmomin biyu sun yi kama a ido, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.

A Turancin Najeriya kuwa kalmar ta samu ma'anar siyasa. Idan marubucin jarida a Legas ya ce across the Niger, ƙasar Ibo yake nufi. Idan aka yi maganar musafaha a ƙetaren Neja, ƙawance ake nufi tsakanin 'yan siyasar Yarbawa da na Ibo. Wannan ya samo asali daga yadda koguna biyu suka tsaga ƙasar gida uku, kamar yadda aka zana a tambarin Najeriya, farin layi mai rassa biyu a kan baƙar garkuwa. Gadar Anacha da aka buɗe a 1965 an karya ta lokacin yaƙin basasa, kogin ya zama fagen daga. Shi ya sa gada ta biyu, wadda aka ƙaddamar a 2023, ta daɗe tana zama ma'aunin da mutanen Gabas ke auna alƙawarin gwamnatin tarayya da shi. Haka ma Neja Dalta, wadda a littafin makaranta mashigar kogi ce cikin teku, a jarida ta zama taƙaitaccen suna na mai da gurɓacewar muhalli da rikicin rabon arziki.

Akwai kuma fuskar girmamawa. A 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop na yankin kogin, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a cocin Ingila. Bayan 'yancin kai aka ƙirƙiro lambobin yabo masu ɗauke da sunan, GCON da CON da OON da MON, harafin N na ƙarshe kogin ne. Mataimakin shugaban ƙasa da shugaban majalisar dattawa da alƙalin alƙalai GCON ake ba su. A fagen ilimi, Joseph Greenberg ya raɗa wa babban dangin harsunan Afirka suna Niger-Congo, wanda ya ƙunshi Fulatanci da Yarbanci da Nufanci da Ibo da Suwahili. Zabarmanci, harshen mutanen da ke kwana suna tashi a kan kogin, ba ya ciki. Hausa ma ba ta ciki, an sa ta a dangin da aka raɗa wa sunan Tafkin Chadi.

Shin a sauya?

Ƙasashe da dama sun yar da sunayen da Turawa suka ba su. Gold Coast ta zama Ghana a 1957, Sudan ta Faransa ta zama Mali a 1960, Dahomey ta zama Benin a 1975. Upper Volta, wadda ita ma sunan kogi ta ci, ta zama Burkina Faso a 1984 a zamanin Thomas Sankara. A Najeriya ma akan ta da maganar lokaci zuwa lokaci, har a 2021 an gabatar wa kwamitin gyaran tsarin mulki shawarar sabon suna.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Baƙuwa ce ta zaɓi sunan, don sauƙin kamfanin da ya ci ƙasar da bindiga da takardun yarjejeniya. Amma labarin Kwango abin dubawa ne. A 1971 Mobutu ya sauya sunan ƙasa da kogi da kuɗi zuwa Zaire da sunan komawa ga asali, alhali ita kanta kalmar Fotugisawa ne suka lanƙwasa ta daga wata kalmar Kikongo mai nufin kogi. A 1997 aka koma Kwango, kuma ba sauyin farko ba na biyu babu wanda ya gyara rayuwar talaka.

Akwai wata matsalar kuma. Idan aka cire Niger, wane suna za a sa? Kwara ta Hausawa ce, Oya ta Yarbawa, Orimili ta Ibo, Isa Beri ta Zabarmawa. Duk wanda aka ɗauka, sauran za su ga an fifita wani. Rashin mai shi shi ne ƙarfin sunan Turanci. Da shi ƙasashe tara suke zama a teburi ɗaya a hukumar kula da kogin da ke Yamai, wadda aka kafa a 1964 aka sake mata fasali a 1980. Ko hukumomin Nijar, waɗanda suka sauya taken ƙasa a 2023, suka kuma ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ba su taɓa sunan ƙasar ba. Matasan Najeriya kuwa nasu maganin suka samo: suka gutsure kalmar suka mayar da ita Naija, suka sa ta a waƙa da fim da rigar ƙwallo, har ta zama tasu.

Inda Hausa ta tsaya

Lamarin ya yi kama da yaron da aka rubuta masa wani suna a rajistar makaranta, alhali a gida da sunan yankansa ake kiransa. Na rajista yana da amfaninsa, da shi ake karɓar takardar shaida. Asara ita ce a wayi gari mutanen gida sun manta na yanka.

Wannan asarar ce ke tunkarar Hausa. A 1967 aka ƙirƙiro sabuwar jihar da ta haɗa lardunan Ilori da Kabba, daga baya aka ba ta sunan Kwara. A 1976 aka ƙirƙiro jihar Neja mai hedikwata a Minna, a 1991 kuma jihar Kogi, wadda ita ma kalmar Hausa ce. Tun daga nan, yaron da ya tashi a Kano ko Zariya idan ya ji Kwara Ilori yake tunawa, ba ruwa ba. Masu fassara labarai daga Turanci kuma, saboda gaggawa, sukan ɗauko Niger su ce Neja, sai mai sauraro ya rasa ko jihar ake nufi ko kogin, musamman da yake haɗarin jirgin ruwa kan auku a kogin a cikin jihar. A Mali ba haka abin yake ba. Faransanci na nan da nasa sunan, amma Joliba na raye a bakin mutane, har ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙwallon Bamako sunanta ke nan.

Alhali Hausa ta fi Turanci kayan aiki a wannan wuri. Inda Turanci ke fama da kalma ɗaya mai ma'ana uku, Hausa na da Nijar ga ƙasa, Neja ga jiha, Najeriya ga maƙwabciya, Kwara ga kogi. Ba a buƙatar dokar majalisa ko gyaran tsarin mulki kafin a yi amfani da su. Editocin gidajen rediyo da jaridu su tsayar da Kogin Kwara a ƙa'idar rubutunsu, su bar Isa ga masu sauraron da suka saba da ita a Nijar. Marubuta littattafan firamare su koya wa yara sunayen biyu tare da dalilin kowanne. Sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Yamai su tura ɗalibai Yawuri da Gaya da Busa su rubuta sunayen tsibirai da mashigai da kifaye da lokutan cikar ruwa daga bakin tsofaffin Sarkawa, domin tafkin Kainji ya riga ya shanye tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa tun 1968, kuma sunayen wuraren da suka nutse suna hannun mutanen da shekarunsu suka ja. Niger zai ci gaba da zama a fasfo da taswira da yarjejeniya, kuma babu laifi a hakan. Kwara kuwa ba ta da wata hukuma da za ta kare ta sai masu magana da Hausa.